Keke Daidai Tsawon Baba

Dajin zinari, bayan Arlit
9 ga Janairu

Zuwa ga taubashina Zakariya'u mai walda, bakin tashar Dakoro.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan wagga takarda ta same ka lafiya, kai da iyali. Ka gaishe mini da Gwaggo, mahaifiyarka, da ƙanwata Kadija. Baba kuwa ka dube shi da kyau ka faɗa mini yadda yake, amma kada ka ce na gaishe shi tukuna. Ni lafiyata ƙalau, sai kewar gida, ita kuwa ba ta da magani a nan.

Kada ka yi mamakin ganin takarda. Inda muke babu rezon waya sai an hau dutse, in an hau ɗin ma rabin magana iska ke ɗauka. Kuma abin da na aiko ba ya shiga waya. Elhaji Halidu, mai kamiyo, babbar motar da ke kawo mana gero daga kasuwar Dakoro, shi zai miƙa maka wannan tare da wata takardar buhun siminti a naɗe. Ka ɓoye ta inda awakinka ba su kai ba, bawana, na san halin gidanka.

Ka san abin da ya fitar da ni gida shekara bakwai da sunka wuce, amma yau ina so ya fito daga bakina. Keken Baba ya karye a wuya, na ce ni zan gyara. Na matse shi tsakanin gwiwoyina na yi waldar da ido, ya fito a karkace ban lura ba. Ranar kasuwa Baba ya hau, keken ya ja shi hagu cikin yashi ya kayar da shi gaban masu awaki, mutane sunka yi ta dariya. Ya tashi ya kakkaɓe rigarsa, ya turo keken har gida, ya jingine shi a bango. Bai ce mini ko kanzil ba. Wallahi da ya mare ni da ya fi mini sauƙi. Wata guda na yi ina wuce keken nan safe da yamma, sannan na tattara na bi mota.

Yanzu na koyi aiki. Wani tsoho a garejin Arlit ya nuna mini abin da ake kira gabari. Gado ne na ƙarfe da ake ɗaure tiyoyin keke a kai, kowane a mazauninsa, kafin wuta ta taɓa su. Ƙarfe in ya ji wuta ja yake yi, ya bi inda ya ga dama, gabari shi ke riƙe shi har ya huce. Da na san wannan tun can, da yau ina Dakoro.

Ina so ka haɗa gabarin a rumfarka, ka ƙera ma Baba keke sabo a kansa, miƙaƙƙe, kafin ruwa ya sauka, ya hau ya tafi gonarsa ta hanyar Korahane kamar da. Na zana komai a takardar simintin daidai girmansa, sai ka shimfiɗa ka bi. Awon ba wuya, ni da Baba tsawonmu ɗaya, ƙofar zaure ɗaya muke duƙa ma, don haka kaina na auna da metir. Na buɗe ƙafafun baya don su ɗauki taya mai faɗi saboda yashi. Ran da ya hau shi ya tafi bai karkata ba, ran nan za ka ce mishi daga Jimrau ne. Kafin nan ka kama bakinka.

Naka,
Jimrau

*

Dakoro
16 ga Fabrairu

Zuwa ga Jimrau, ubangidan da ba ya da ko tabarma.

Wa alaikumus salam. Takardarka ta iso, mun gode Allah da jin lafiyarka. Inna ta amsa, ta yi ta sa maka albarka. Kadija ta yi kuka, ta ce in tambaye ka ko kana cin abinci. Kawu, babanka, yana nan, alhamdu lillahi, jiki da sauƙi. Kullum yana zaune ƙofar gida.

Wai bawanka! Bawan yana da rumfa da injin walda da ɗiya huɗu, ubangidan yana daji yana shan ruwan bido, jarkar roba. To, na ji, na karɓi aikin, amma ka sani ka haɗa ni da wahala.

Da farko na ɗauko tsohuwar ƙofar ƙarfe na ce ita ce gadon. Da na ja zare a kanta sai na ga ta fi bayan jaki lanƙwasa. Na jefar. Sannan na tuna da mataccen kamiyon da ke bayan tasha tun muna yara, na je na yanko ƙarfen ƙasansa guda biyu, mu huɗu munka ɗauko. Wanga ƙarfe kam ko giwa ta taka ba ya motsi. Na ari tiyon ruwan magina na daidaita shi kusurwa huɗu, na ja zare a tsakiya na zana layi da ƙusa kamar yadda ka rubuta. Na tsayar da sandunan, na yi mazaunin wuya da na gidan feda da na ƙarfen tayar baya. 'Yan ƙarafan nan masu kama da mazurari da ka ce su ke riƙe bakin tiyo, su sunka ci mini rai. Babu mai injin juya ƙarfe a nan, da hannu na wasa su, kwana uku, kuran, wutar lantarki, yana zuwa yana tafiya.

Rumfata ta zama wurin kallo. Wani ya ce makara nake ƙerawa. Wani makiyayi daga Azagor ya zagaya shi sau biyu ya tambaye ni ko a nan ake ɗaure ɗan maraƙi a yi mishi allura. Na ce musu keken wani Alhaji ne daga Maradi, sunka ce lallai Alhajin nan dogo ne.

Shi ne ma abin da nake so in ce. Jimrau, ba a rage tsawon ba? Na shimfiɗa takardarka na duba, sirdin ya yi sama ƙwarai. Kuma da an sauke sandar tsakiya ƙasa, yadda mutum zai zura ƙafa ba sai ya ɗaga ta ba. Shekaru sun ja, ka gane. Ban yanka tiyon ba tukuna, ina jiran amsarka.

Taubashinka,
Zakariya'u

*

Dajin zinari
12 ga Maris

Zakariya'u,

Salamu alaikum, ina gajiya, ina iyali. Na ji daɗin takardarka, na karanta ta har ta fara yagewa a ninki. Ka ce ma Kadija ina ci, shinkafa da wake safe da rana, har na manta ɗanɗanon fura. Ka ce jikin Baba da sauƙi, na san gwiwar nan tasa ce da ke tashi lokacin sanyi. A shafa mishi man zafi, zai ware.

Ƙarfen kamiyon nan dabara ce, na yarda bawana yana da kai. Amma maganar rage tsawo ban karɓa ba. A sauke sandar tsakiya? Keken mata kake so in ba Baba Mahamman, ya ratsa kasuwa a kai? An yi mishi dariya sau ɗaya ta dalilina, ba za a yi ta biyu ba. Ko dai tiyon kake so ka rage ka yi ma matarka murhu? Ka yanka yadda na zana. Mutumin da ke ɗaga ƙafa ya haye jaki ba tare da ya tsayar da shi ba, kai kake ce ma shekaru sun ja.

Layi guda a takardarka ya hana ni sukuni, inda ka ce kullum yana zaune ƙofar gida. Baba da zama! Ni na zaunar da shi, Zakariya'u. Mutumin da in an yi sallar asuba ba ka ƙara ganinsa sai la'asar. Ina rufe ido in gan shi ya ɗaure hauya a sandar keke, goran ruwa yana lilo a gaba, babbar rigarsa ta cika da iska, mu muna binsa da gudu har bayan gari. Nan in rana ta yi zafi munka fake ƙarƙashin mota, kowa yana zancen zinari, ni wannan nake gani. Ina kewarsa, wallahi ina kewarsa, har tsawarsa nake kewa.

To ga yadda za ka yi waldar. Ka ɗaure tiyoyin duka a gabari, ka tabbata bakin kowane ya zauna a kan ɗan'uwansa ba rata. Kada ka kama wuri ɗaya ka yi ta zuba wuta. Ɗigo za ka fara yi, ɗaya dama ɗaya hagu, a kowace mahaɗa. Sannan ka dawo ka cika, nan kaɗan can kaɗan, kana bari yana shan iska. Kada ka kwance shi sai ya huce har ka iya aza kuncinka a kai, kuma kada ka zuba mishi ruwa don sauri, na san ka. In ka kwance, ka ɗaura zare daga ƙafar baya ta dama, ya zagayo wuya, ya koma ƙafar baya ta hagu. Ka auna ratar zaren da sandar sirdi gefe da gefe. In sun zo ɗaya, keken ya miƙe. In ba su zo ba, kada ka ɓoye mini.

Fenti baƙi, irin na tsohon.

Jimrau

*

Dajin zinari
20 ga Mayu

Zakariya'u,

Gaisuwa. Lafiya dai? Sau biyu Elhaji Halidu yana zuwa hannu wofi. Ya ce ya biya rumfarka, an ce ka fita. Na hau dutse sau uku na kira ka, ba ta shiga.

In keken ya karkace ne ka faɗa mini, ba abin kunya ba ne, ni na san ɗacinsa fiye da kowa. In kuwa Baba ya ji labari ya ce ba ya son abin hannuna, shi ma ka faɗa mini, zan iya ɗauka. Shirun nan ne ba na iyawa. Masu zuwa daga kudu sun ce hadari ya fara haɗuwa wajen Maradi.

Jimrau

*

Dakoro
11 ga Yuni

Zuwa ga ɗan'uwana Jimrau.

Assalamu alaikum. Mutanen gida suna gaishe ka. Yau ba zan ce maka kowa lafiya lau ba, don wannan kalmar ita ta kawo mu inda muke.

Keken bai karkace ba. Na yi yadda ka ce, na auna zaren gefe da gefe, ko ƙwayar gero ba ta shiga tsakani. Tun farkon Afrilu ya ƙare, na yi mishi fenti, na rufe shi da buhu a bayan rumfa. Ran da Elhaji Halidu ya zo ina nan, bayan tanunuwa, manyan durom na ƙarfe, na ɓuya kamar ɓarawo. Takarda uku na rubuta maka na yage.

Jimrau, Kawu ba ya iya hawan keke. Shekara biyu ke nan, bayan an gama girbi, ya faɗi a bakin rumbu. Lokotoro a asibiti ya ce hawan jini ne. Ɓarinsa na hagu ya shanye, yana jan ƙafar, hannun yana kan cinya. Bayansa ya duƙa. Bakinsa ya dawo, hankalinsa garau, amma daga ɗaki zuwa ƙofar gida sai da sanda da kafaɗar Kadija. Mutumin da kake auna kanka dominsa, yanzu a kafaɗata yake tsayawa.

Ka san al'adarmu, ba a aika ma wanda ke nesa mugun labari, a bar shi da zullumi ba ya da yadda zai yi. Shi da kansa ya tara mu ya ce duk wanda ya faɗa maka bai yafe ba. Ya ce yaro ya tafi neman abin kansa, kada a katse shi. Da takardarka ta fari ta zo na rasa inda zan sa kaina. Na rubuta jiki da sauƙi ina fatan ka tambaya wane jiki. Na ce a rage tsawo ina fatan ka gane. Kai kuma ka ce in shafa man zafi. Sai na yanka tiyon, ina yanka ina jin kamar ƙarya nake yankawa. Laifina ne, ka yafe mini.

Ga abin da ya faru makon jiya. Dakoro ba ta riƙe magana. Masu zama ƙofar gidansa sunka yi ta ba shi labarin gadon ƙarfen da ke rumfata da keken dogon Alhajin Maradi da har yau bai zo ya ɗauka ba. Ranar Talata da hantsi ina cikin aiki sai ga amalanken jaki ya tsaya, Kadija tana riƙe da linzami, Kawu a zaune a baya. Rabonsa da bakin tasha tun kafin ya faɗi.

Munka sauko da shi. Ya dafa gabarin ya daɗe yana kallo, ya bi layin tsakiya da yatsa. Ya ce, "Wa ya koya maka wanga?" Na ce a wata takarda na gani. Ya ce, "Kawo takardar." Na kawo, ya dubi rubutun, ya gane hannunka. Sannan ya ce in fito da keken.

Na fito da shi. Ya ce in kai shi kan dandaɓar simintin mai faci, in tura shi in saki. Na tura na saki. Jimrau, keken nan ya tafi shi kaɗai, tsaye, bai waiwayi dama ko hagu ba, har ya kai ƙarshen simintin ya shiga yashi ya kwanta. Ya ce in sake. Sau uku ina yi. Mutanen tasha duk sun taru, ba mai dariya.

Sai ya ce a matso mishi da shi. Ya saki kafaɗar Kadija ya tsaya gefensa da sandarsa, sirdin yana daidai haƙarƙarinsa. Ya dubi sirdin, ya dube ni, ya ce, "Ashe haka nake a wurinsa har yanzu." Kadija ta juya baya ta rufe fuska da mayafi. Ni ma dai ban tsaya ba, na shiga rumfa na yi kamar ina neman wani abu.

Na ce mishi zan iya yanke shi in rage, ko in ƙara taya ta uku. Ya ɗaga sandar kamar zai buge ni. Jiya ya kira ni gida ya ce in zo da biro, in rubuta yadda ya faɗa, kada in gyara mishi magana. Ga ta:

"Jimrau. Ni ne. Na ga aikinka, ya yi. Keken can na da, ba faɗuwar ta dame ni ba, wanda bai taɓa faɗuwa ba bai hau ba. Na yi shiru ne don na ga kunya ta kama ka, na ce in na yi magana zan ƙara maka. Ina jira ta sake ka sai na wayi gari ka tafi. Ni ma ban iya magana ba, haka ubana ya bar ni. Wanga keke ba za a yanke shi ba. Mai tsawonsa guda ya rage a gidanmu. Na ce ma Zakariya'u ya yi mishi mazauni a baya mai ƙarfi, da wurin aza ƙafa. Shekara biyu ban ga gonata ba, sai dai a ba ni labari. Amalanke yana jijjiga mini ƙashi, kuma ba na so in je gona kamar buhu. In kana da hali ka zo ka kai ni. In ba ka da hali, Allah ya yi maka albarka inda kake, ba komai."

Iyakar abin da ya ce ke nan. Da ya ce ba komai ɗin, bai dube ni ba.

An yi ruwan fari shekaranjiya wajen Bader Goula, mu nan muna jira. Ka aiko mini da awon mazaunin bayan da zanensa in fara, don ban san yadda ake ɗaura shi a gabari ba.

Zakariya'u

*

Arlit
24 ga Yuni

Zakariya'u,

Salamu alaikum. Takardarka ta same ni ranar Lahadi. Na karanta a tsaye, sannan na zauna a ƙasa na sake karantawa. Na yi fushi da kai kwana guda cur, na zage ka a gaban mutanen da ba su san ka ba. Washegari na tuna ni ma shekara bakwai ina aiko muku da lafiya lau, har ran da ƙarfe ya faɗo mini a ƙafa na yi wata biyu kwance. Na yafe, kai ma ka yafe mini.

Na bar dajin, na miƙa injin waldata ga abokin aikina. Yanzu ina Arlit. Elhaji Halidu, wanda zan bi, zai tsaya lodin gishiri kwana huɗu, don haka na ba wani mai zuwa Maradi wagga takarda ta riga ni. In Allah ya yarda ranar Juma'a ko Asabar muna tashar Dakoro.

Ka ce ma Kadija ta dama fura da yawa. Ka ce ma Baba na ji, kuma ka gaishe shi, ka ce Jimrau ne ke gaisuwa.

Mazaunin baya kuwa kada ka taɓa shi. Babu zane a cikin wagga takarda, kuma ba zan ƙara aiko da awo daga nesa ba. Ka tanadi tiyo da ƙarfen walda, ka share gabarin. In na iso zan durƙusa gabansa da metir in auna shi da hannuna, yadda yake yanzu.

Jimrau